Mafarin Bazara: Lissafin Sama ko Shaidar Ƙasa?

Ranar 20 ga Maris, 2025, da ƙarfe 10:01 na safe agogon Najeriya da Nijar, rana ta daidaita cif a saman layin Ikwaita, tana kan hanyarta ta zuwa arewa. A wannan yinin jaridu da gidajen rediyon Amurka da Turai suka sanar da jama'a cewa bazara ta kama. Bazararsu ta ƙasashen sanyi suke nufi, lokacin da ƙanƙara take narkewa, itatuwa su fara toho, yini ya fara rinjayar dare. Sai dai hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ta riga ta rubuta a littafinta cewa bazarar ta shigo tun ranar 1 ga Maris. Mutanen Ailan, bisa tsohuwar al'adarsu, sun tarbe ta tun 1 ga Fabrairu. Kalandar gargajiya ta ƙasar Sin ta buɗe mata ƙofa a makon farko na Fabrairu, ta ɗauki 20 ga Maris a matsayin tsakiyarta. A can ƙuryar arewacin Suwidin kuwa, hukumar yanayi ba ta ce uffan ba tukuna, tana jiran ma'aunin zafi ya ɗaga, abin da kan kai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Duk waɗannan ƙasashe a ɓangare ɗaya na duniya suke, rana ɗaya ce take haska su, amma tsakanin mai gaggawarsu da mai jinkirinsu akwai kusan wata uku.

Wani zai ce ai wannan gardamar masu ƙoshi ce, a kira ranar da duk sunan da aka ga dama. Ni ban ɗauke ta haka ba. A kan ranar da aka ce lokaci ya kama ne aka taɓa ɗora karɓar haraji, a kanta aka tsayar da bukukuwan addini, a kanta kuma manomi yake yanke shawarar fitar da irin da ya ɓoye shekara guda. Masu gardamar sun kasu gida biyu. Akwai masu cewa sama ce take buɗe lokutan shekara, don haka a tambayi masu ilmin taurari. Akwai masu cewa lokaci ba ya kamawa sai ƙasa ta shaida, don haka a tambayi ma'aunin zafi da ruwan sama da ganyen itace.

Kafin a ji hujjojinsu, ga abin da yake faruwa a saman. Duniya tana zagaya rana a karkace, karkatar da ta kai kimanin digiri 23.4, kuma ba ta sauya inda ta karkata a tsawon zagayen. Saboda haka wata shida ɓangaren arewa ne ya fi fuskantar rana, wata shida kuma ɓangaren kudu. Sau biyu a shekara, wajen 20 ga Maris da kuma 22 ko 23 ga Satumba, ba wanda ya fi wani: rana tana saman Ikwaita, tana fitowa daga gabas sak, ta faɗi yamma sak, dare da yini su kusan zama ɗaya a ko'ina. Wannan ita ce ranar daidaito. Tsakanin daidaiton biyu kuma akwai ranar da yini ya fi tsawo a arewa, wajen 21 ga Yuni, da ranar da ya fi gajarta, wajen 21 ga Disamba. Waɗannan ranaku huɗu su ne masu lissafin sama suke yanka shekara da su. Yana da kyau a sani cewa kusancin duniya da rana ba shi ne yake kawo zafi ko sanyi ba. A farkon Janairu, lokacin da Turai take daskare, duniya ta fi kusa da rana, tazarar kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, kilomita miliyan 152.

Hujjar farko ta mutanen sama ita ce a bi abu daga tushensa. Ba don karkatar duniya ba, da babu hunturu, babu bazara, babu damina. Narkewar ƙanƙara da tohon itace da dawowar tsuntsaye duk 'ya'ya ne, uwarsu ita ce tafiyar rana daga kudu zuwa arewa. In kana son ka ce ga inda abu ya fara, to, ka nuna musabbabinsa. Hujjar tana da nauyi, musamman ga wanda ya zauna a ƙasar da tsawon yini yake sauya rayuwa baki ɗaya. A Landan yinin ƙarshen Disamba bai cika sa'a 8 ba, na ƙarshen Yuni kuwa ya haura sa'a 16 da rabi. Ga mutumin da ya yi watanni yana fita aiki cikin duhu yana dawowa cikin duhu, ranar da haske ya kamo duhu ya wuce shi babban al'amari ne, ko da kuwa sanyi bai sake shi ba.

Ta biyu ita ce tabbas. Ana iya lissafa lokacin daidaito har zuwa minti, shekaru masu yawa kafin ya zo, kuma lokaci ɗaya yake faruwa ga duk duniya, bambancin agogo ne kawai. Ba gwamnatin da za ta matsar da shi, ba fari ko ambaliyar da za ta jinkirta shi. A Japan ranar hutu ce ta ƙasa, kuma cibiyar nazarin taurari ta ƙasar ce take lissafa ta, a sanar tun watan Fabrairun shekarar da ta gabace ta. A Iran abin ya wuce hutu. Sabuwar shekararsu, Nauruz, tana shiga ne a daidai daƙiƙar da rana ta ƙetare Ikwaita, ko da tsakar dare ne. Iyali sukan taru a gaban shimfiɗar da aka jera wa abubuwa bakwai masu farawa da harafin sin, suna jiran lokacin ya buga. Ƙa'idar kalandarsu ita ce, in daidaiton ya faru kafin tsakar rana agogon ƙasar, wannan yinin ne ɗaya ga wata, in ya wuce sai washegari. Asalin wannan tsari yana komawa ga gyaran kalandar da aka yi a 1079 zamanin Sarki Malik Shah, wanda Umar Khayyam yake cikin malaman da suka yi aikin. Kalandar da take duban sama kowace shekara ba ta tara kuskure. Ana bikin Nauruz daga ƙasar Kurdawa har Afganistan da Tajikistan, kuma a 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Maris domin girmama shi.

Ta uku kuma darasi ce daga tarihi, kuma ita ce ta fi burge ni. Cocin Kirista ta ɗaure lissafin bikin Ista da daidaiton Maris, ta tsayar da shi a ranar 21 ga wata, kamar yadda yake a zamanin taron malaman coci na Nikiya a shekarar 325. Amma kalandar da suke bi, ta Yuliyas Kaisar, tana ɗara shekarar rana da kimanin minti 11, wanda yake taruwa ya zama kwana guda cikin shekara 128. Shekaru suna tafiya, kalanda tana cewa 21 ga Maris, rana kuwa ta riga ta ƙetare tun tuni. Zuwa ƙarni na 16 daidaiton ya koma wajen 11 ga Maris. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya ba da umarni a tsallake kwana 10: aka kwanta ranar 4 ga Oktoba, aka tashi 15 ga Oktoba. Ingila ta yi ta jan ƙafa har 1752, lokacin da sai da ta zubar da kwana 11. Kalandar Miladiyya da take rataye a ofisoshinmu yau an gyara ta ne domin ta daina rabuwa da daidaiton Maris. To, in ji mutanen sama, 1 ga Maris ɗin da wasu suke tinƙaho da ita, ai ba ta zauna inda take ba sai da aka auna ta da ranar da suke son a yi watsi da ita.

Mu ma a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan ra'ayi. Malaman lissafi sun karɓi tsarin taurari 28 daga Larabawa, kowane tauraro da kwana 13, sai ɗaya da aka ƙara wa kwana domin shekara ta cika 365. Suka raba su bakwai-bakwai: na bazara, na damina, na kaka, na ɗari. Dattawan karkara da yawa har yau sukan tambayi malami ko an shiga Haƙ'a, ko Zira'a ta kama, ko an kai Nasara da Ɗarfa. Tun da watannin Musulunci suna zagaya shekara, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, dole manomi ya nemi wani lissafin da ba ya motsi daga damina, sai ya same shi a sama.

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren. Abin da suke fara faɗa shi ne, mutanen sama sun amsa tambayar da ba a yi musu ba. An ce yaushe sanyi yake tafiya, sun ce ga inda rana take. Ƙasa da teku ba sa ɗaukar zafi nan take, kuma ba sa sakinsa nan take. Shi ya sa a Turai yini mafi tsawo yana Yuni, amma zafi mafi tsanani sai Yuli da Agusta, yini mafi gajarta yana Disamba, amma sanyi ya fi cizo a Janairu da Fabrairu. Jinkirin ma ba ɗaya ba ne a ko'ina: garin da yake bakin teku ya fi jinkiri, wanda yake tsakiyar tudu ya fi saurin ɗumama da saurin hucewa. In aka bi lissafin sama, ranar 15 ga Disamba a Mosko har yanzu kaka ce, alhali mutane sun daɗe da shiga rigunan sanyi, dusar ƙanƙara ta rufe tituna. Lissafin da zai ce wa mai rawar ɗari hunturu bai zo ba, da wuya mai rawar ɗarin ya gaskata shi.

Sannan suka ce tabbacin da ake yabo ba cikakke ba ne. Ranar daidaito tana yawo tsakanin 19 da 20 da 21 ga Maris. Littattafai da yawa har yanzu suna koyar da 21, alhali rabon da ta faɗo a ranar 21 agogon GMT tun 2007, kuma ba za ta sake ba har wannan ƙarni ya ƙare. Dare da yini ma ba su daidaita sosai a ranar: iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa haske, har a ga rana tun ba ta ɓullo ba, don haka yini yakan ɗara da 'yan mintoci. Lokutan huɗun kuma ba tsawonsu ɗaya ba, saboda duniya takan ƙara sauri in ta matso kusa da rana. A arewa, daga daidaiton Maris zuwa ranar mafi tsawo kusan kwana 93 ne, amma hunturu kwana 89 kacal. Waɗannan ƙananan abubuwa ne ga mai biki, amma ga mai tara alƙaluman yanayi ciwon kai ne.

Daga wannan ciwon kan ne tsarin 1 ga Maris ya fito. Tun zamanin wata ƙungiyar masana yanayi da aka kafa a birnin Mannheim na Jamus a 1780 ake raba shekara wata uku-uku cikakku: Maris zuwa Mayu, Yuni zuwa Agusta, Satumba zuwa Nuwamba, Disamba zuwa Fabrairu. Hukumomin yanayi na Birtaniya da Amurka da shi suke aiki, a Ostireliya kuwa jama'a gaba ɗaya sun saba da cewa bazararsu tana kamawa 1 ga Satumba. Tsarin yana sauƙaƙa kwatanta bana da bara, kuma a yawancin ƙasashen tudu na arewa ya fi dacewa da abin da fata take ji, domin ya tattara watanni uku mafi sanyi wuri ɗaya, mafi zafi wuri ɗaya. Amma ban ga dalilin ɗaukaka shi fiye da haka ba. Tsari ne na rijista. Ba abin da yake faruwa a sama ko a ƙasa ranar 1 ga Maris da bai faru ba ranar 28 ga Fabrairu.

Hujjar da ta fi yi wa mutanen sama illa, a ganina, daga cikin gidansu ta fito. Ko an yarda rana ce alƙali, wa ya ce daidaito mafari ne? Sinawa ma rana suke bi. Sun raba hanyarta kashi 24, tsarin da hukumar UNESCO ta sa cikin abubuwan gadon ɗan Adam a 2016, amma a wurinsu bazara tana farawa ne a tsakiyar tazarar da take tsakanin yini mafi gajarta da daidaito, wajen 4 ga Fabrairu. In haske ake bi, hujjarsu ta fi tsayuwa: watanni uku mafi ƙarancin haske su ne waɗanda suka sa 21 ga Disamba a tsakiya, daga farkon Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Tsohon lissafin Ailan ma haka yake. Ashe sama ta ba da ranaku huɗu ne kawai, ba ta rubuta a kansu wannan mafari ne, wannan tsakiya ce ba. Mutane ne suka zaɓa, kuma zaɓinsu ya bambanta.

Tarihin Musulunci yana da misalin abin da kan biyo baya in aka fifita ranar kalanda a kan halin gona. Daular Abbasiyawa ta gaji al'adar Farisa ta buɗe karɓar harajin ƙasa da Nauruz. Amma a lokacin ranar tana zuwa amfanin gona bai nuna ba, sai a tasa manomi a gaba da neman kuɗin abin da bai girbe ba. Halifa Mu'utadid, wanda ya yi mulki daga 892 zuwa 902, ya ɗage ranar buɗe harajin zuwa 11 ga Yuni domin ta zo bayan girbi. Halifan bai ƙaryata masu lissafi ba. Ya gane ne cewa shekarar manomi tana da nata mafarin, kuma adalci shi ne a bi shi.

Wasu ƙasashe a yau sun mayar da wannan fahimta ƙa'ida rubutacciya. A Suwidin bazara ba ta kamawa sai matsakaicin zafin yini ya haura sifiri kwana 7 a jere, sannan a ƙirga daga ranar farko, kuma ba a yarda ta kama kafin 15 ga Fabrairu ba. Saboda haka takan shigo daga kudu, ta yi ta hawa arewa mako bayan mako, ana nuna tafiyarta a taswira. A Indiya babbar sanarwar shekara ita ce saukar damina a jihar Kerala, wadda aka saba tsammani 1 ga Yuni. Amma hukumar yanayi ba ta sanarwa don kalanda ta nuna ranar. Tana da tashoshi 14 da take dubawa bayan 10 ga Mayu, sai kashi 60 cikin 100 nasu sun sami ruwan da ya kai milimita 2.5 kwana biyu a jere, sannan iskar yamma da yanayin gajimare sun cika sharaɗi. Daga nan ruwan zai kama hanya, bai kai Delhi ba sai wajen ƙarshen Yuni.

Wannan ya fi kusa da abin da muka sani. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, don haka ranar daidaito takan zo ta wuce ba wanda ya lura. Ranar da rana take tsayawa tsakar kanmu ma ba 20 ga Maris ba ce, sai cikin kwanaki goma na ƙarshen Afrilu, ta sake dawowa a ƙarshen Agusta. Abin da yake juya shekararmu iska ce: busasshiyar arewa maso gabas mai hazo ta janye, mai laima ta kudu maso yamma ta shigo, ta fara jiƙa bakin teku tun Maris, ta iso Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram wajen Yuni. Manomi yana da alamunsa. Shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka ta fara sheƙa a cikin gari. Gawo, wanda ya yi rani da ganye, ya fara kaɗe shi. Zufa ta yi yawa da dare, walƙiya tana wasa a gabas. Duk da haka ba ya cewa damina ta faɗi sai ya tona ƙasa ya ga inda laima ta kai. Ya san bambancin yayyafin da zai kwantar da ƙura da ruwan shuka, ya kuma san wanda ya yi binne ko ya bi ruwan farko yana iya rasa irinsa in aka ɗauke ƙafa mako biyu ko uku. Masu bincike sun zuba wannan sanin cikin lamba. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, yana aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da take Sadore kusa da Yamai, ya tsara ma'aunin da ake yawan amfani da shi a yankin Sahel: damina ta kama in bayan 1 ga Mayu an sami ruwa milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi tsaikon da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo baya.

A nan ne mutanen sama suke samun damar ramawa, kuma ramuwar tasu ba ta wasa ba ce. Dubi sharaɗin nan na ƙarshe. Ba za ka tabbatar damina ta kama ba sai bayan wata guda da kamawarta. Na Suwidin sai bayan mako. Mafarin da ba a saninsa sai ya wuce, wa zai tsara biki a kansa, ko hutu, ko jarrabawa, ko wa'adin bashi? Ga shi kuma kowane gari da nasa: damina ta kama a Zariya, a Daura ana roƙon ruwa. Ƙa'idojin su kansu mutane ne suka yanka su. Me ya sa kwana 7 ba 5 ba, me ya sa milimita 20 ba 15 ba? Wanda ya zargi daidaito da cewa zaɓin mutane ne, shi ma zaɓi ya yi.

Akwai wadda ta fi wannan. A birnin Kyoto na Japan an daɗe ana rubuta ranar da furen ceri yake cika, rubutun da ya faro tun ƙarni na 9. A 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, wanda a lokacin ba a taɓa ganin mai saurinsa ba a tsawon rijistar, alhali a ƙarnonin baya an fi ganin cikarsa wajen tsakiyar Afrilu. A Ingila ma wani mai gona a Norfolk, Robert Marsham, ya fara rubuta ranakun tohon itatuwa da zuwan tsuntsaye tun 1736, zuriyarsa suka ci gaba har cikin ƙarni na 20. Irin waɗannan rubuce-rubuce suna cikin shaidun da suke nuna duniya tana ɗumama, bazara tana sammako. To, da me aka gane ta yi sammako? Da kalandar da take ɗaure da rana. In da mafarin shekara yana bin furen ne, da duk shekara fure zai fito a kan lokaci, ba wanda zai lura wani abu ya sauya. Mai awo a kasuwa yana bukatar mudun da ba ya kumbura ba ya motsewa, sannan ya iya cewa hatsin bana ya kasa na bara.

Wannan hujja ta ci, kuma na karɓe ta. Sai dai abin da ta tabbatar bai kai abin da masu ita suke nema ba. Ta nuna cewa daidaito ma'auni ne da ba a iya rabuwa da shi. Ba ta nuna shi ne abin da ake aunawa ba. Mutumin da ya ce bana bazara ta riga lokacinta, da bakinsa ya yarda cewa bazara wani abu ne daban da ranar da aka ajiye mata, abu ne da yake iya riga ko ya makara. Rana ba ta taɓa makara ba. Abin da yake makara shi ne ɗumi, da toho, da ruwa, kuma su ne mutane suke nufi in suka ambaci sunan lokaci. Ƙorafin cewa ba a sanin mafarin sai ya wuce gaskiya ne, amma aibin ba na ma'aunin ba ne, halin duniya ne. Manomin da aka ba shi tsayayyiyar rana da tabbaci, ya shuka, fari ya cinye, bai amfana da tabbacin da komai ba. Ya fi bukatar a ce masa ana sa ran ruwan shuka tsakanin kaza da kaza, ga kuma haɗarin tsaiko, irin bayanin da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara, da wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai take haɗawa ga ƙasashen yankin.

Hukuncina ke nan: a bar wa daidaiton Maris aikinsa na tsare kalanda da buɗe shekarar waɗanda suka zaɓe shi, kamar mutanen Iran, girmansa a nan ba mai ja. A bar wa masu alƙaluma 1 ga Maris domin rijistarsu. Amma in tambayar ita ce yaushe lokaci ya kama a wuri kaza, ƙasar wurin ce take da amsa, kuma mutanen ƙasa sun fi gaskiya. Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne a ɗauki zaɓin wasu ƙasashe ƙalilan a sa masa rigar hukuncin duniya, domin ranar da Amurka take murnar fita daga sanyi, Ajantina shiga kaka take yi, Kano kuwa tana fuskantar zafin Afrilu.

Kirana ga malaman makaranta da masu rubuta littattafan yara da ma'aikatan rediyo shi ne su koyar da duka biyun, kowanne a mazauninsa. A fitar da yara fili ranar 20 ga Maris, a kafa sanda, su ga inda rana ta fito da inda ta faɗi, su san dalilin karkatar duniya. Sannan a kafa ma'aunin ruwan sama a harabar makaranta, a ba su littafi su riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar ruwan farko, da ranar da aka yi shuka a garinsu, shekara bayan shekara, kada a bari littafin ya ɓace in an sauya shugaban makaranta.